Daga Maraɗi zuwa bakin teku a Kwatano: inda kuɗinmu suka zurare da inda muka tare su

Maganar ta taso ne a fada, wani dare cikin azumin 2024, bayan an sauko daga asham. Wuta ta ɗauke, muna zaune bakin shagon tela a unguwar Zariya muna jiran shayi na biyu, sai bakaniken fadarmu ya ce shi fa ya kusa shekara arba'in a duniya, amma ruwan da ya fi girma da idonsa ya taɓa gani shi ne tafkin Madarunfa. Aka yi dariya, aka watse. Washegari ya sake ɗauko zancen. A dare na uku muka gane da gaske yake, muka zama mu huɗu: ni mai sayar da kayan waya a bakin babbar kasuwa, da tela, da ƙanensa, da shi bakanike. Tun da muka dawo mutane ke tare ni a shago suna tambayar nawa muka kashe da yadda aka yi muka ƙetare, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, da kurakuranmu duka. Kuɗin da zan ambata su ne waɗanda muka biya a watan Fabrairun 2025, kamar yadda suke a ɗan littafin da na riƙe. Farashi yana motsi, a tambaya kafin a tashi.

Ba mu da wanda zai iya zaro jika 180, wato sefa dubu 180, daga aljihu rana ɗaya, don haka muka yanka dala ɗari kullum a kan kowa. Kafinta ya haɗa mana asusun katako ya buga masa ƙusa, muka ajiye a shagon tela, kowane ƙarshen wata a ɓalle a ƙirga a gaban kowa in kai ajiya. Jika 15 ke nan a wata, a shekara 180. Doka ɗaya muka kafa, kuma ita ta tsare kuɗin: wanda ya fasa tafiya ba zai karɓi nasa ba sai an je an dawo. Da layya ta matso tela ya zo mini da fuskar tausayi yana zancen rago, na nuna masa sa hannunsa a littafi. Kwana biyu bai gaishe ni ba. A bakin teku kuwa shi ya fi kowa ɗaukar hoto.

Sai zaɓen gari. Ƙanen tela ya so Legas, ta Ɗan Isa da Jibiya, amma hakan yana nufin canjin sefa zuwa naira, kuma duk wanda ya taɓa canji ya san ana barin wani abu a hannun ɗan canji wajen shiga, a bar wani wajen fita. Lome ta fi nisa, da iyaka guda a ƙari. Kwatano kuwa, a ƙasar Benin, kuɗinmu ɗaya da su, jikar da ka ɗauko daga Maraɗi ita ce jikar da za ka miƙa wa mai kwakwa a bakin ruwa, agogo ma ɗaya. Game da lokaci, wani direban babbar mota da ya shekara goma yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa shi ya ba mu shawara. Ya ce mu kauce wa ƙarshen Disamba, lokacin hutu da bukukuwa, mu kauce wa kewayen 10 ga Janairu da ake bikin gargajiyar Vodun a Wida, baƙi su cika masaukai. Daga Afrilu zuwa Yuli kuma babbar daminarsu ce, za ka biya kuɗin mota ka je ka zauna a ɗaki kana kallon ruwan sama. Muka tsai da tsakiyar Fabrairu, kafin azumi.

Ana saura ƴan makonni sai jita-jita ta cika gari. Ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kowa a kasuwa ya zama masani: wannan ya ce sai da biza, wancan ya ce sai da sabon fasfo. Bakanike har ya fara lissafin kuɗin fasfo, abin da zai cinye kusan kwata na rabonsa. Maimakon mu bi zancen kasuwa, na tafi tashar kar, wato manyan motocin fasinja, na jira motar da ta taso daga Doso, na tambayi mutum uku da suka fito daga Benin a makon. Dukansu da katin ɗan ƙasa suka je suka dawo. Ita ma ƙungiyar ta sanar a ranar cewa za a ci gaba da karɓar takardunmu da barin mutane su shiga ba biza har sai an ji wani sabon bayani. Wannan awa biyu da na ɓata a tasha ita ce ribar farko ta tafiyar. Abin da ya rage shi ne katin ƙanen tela, wanda muka duba muka tarar ya mutu tun bara bai sani ba. Ya je komisariya da tsohon katin da takardar haihuwa da hotuna, ya tarar da layi, aka ce ya dawo da kwafin takardar, ya koma washegari da sassafe aka karɓa. Da hoto da kwafi da komai bai kai jika 5 ba. A duba ranar mutuwar kati tun da wata guda, don ba a gyara shi a bakin kogi.

Takarda ta biyu ita ce karne mai ruwan ɗorawa, na rigakafin shawara. Ni da tela ba mu da shi. Bakanike yana da nasa tun wata tafiya da ya yi shekarun baya, yana zaton ya mutu, sai ma'aikaciyar lafiyar da ta duba ta ce masa tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ya mai da kuɗinsa aljihu. Mu aka yi mana, kowa jika 5, muka zauna a benci tun ƙarfe takwas har kusan sha ɗaya saboda ana jiran mutane su taru kafin a buɗe kwalba. Abin da ba mu sani ba sai ranar shi ne karnen ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Allah ya taimake mu saura kwana sha huɗu ne. Muna fitowa wani mutum ya biyo mu a bakin titi, ya ce in akwai sauran ƴan'uwanmu su kawo jika 3 ya ba su karne da hatimi ba sai an tsira musu allura ba. Ban tsaya ba. Ƙasar da za ka ta sauro ce da damshi, kuma sauro ba ya karanta hatimi.

Wajen tike ne muka yi wayon da ya zame mana wauta. Kamfanin kar ya ce jika 32 daga Maraɗi har Kwatano, su sauke ka a Gaya, garin bakin iyaka, ka ƙetare kogi zuwa Malanbil, wata motarsu tana jiranka a can. Ni da alƙalamina na zauna na lissafa guntu-guntu: Maraɗi zuwa Doso jika 9, Doso zuwa Gaya jika 3 da rabi a ƙaramar mota, Malanbil zuwa Kwatano jika 13. Jimilla 25 da rabi. Ragin jika 6 da rabi a kan kowa, mu huɗu jika 26. Na karanta musu a fada ina jin kaina. Guzuri kuwa a nan ba mu yi kuskure ba: garin rogo, ƙuli-ƙuli dakakke da yaji, kilishi, dabino, sukari, ganyen shayi da butarsa da ɗan murhu, tabarma biyu, butar alwala, da bido mai lita biyar. Matar tela ta yi mana dambun nama cike da roba, wanda ya kai mu har rana ta huɗu.

Mun tashi bayan asuba. Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi da warin albasarta, Ƙonni, Dogon Dutsi, muka shiga Doso wajen ƙarfe uku, sama da kilomita 500 a bayanmu. Duk inda aka tsaya mutane na rububin nama da lemo, mu sai mu jiƙa gari mu barbaɗa ƙuli. A Doso lissafina ya fara warwarewa. Ƙaramar motar Gaya ba ta da lokacin tashi, sai ta cika, kuma mu ne fasinjojin farko. Muka yi la'asar a tasha, muka yi magariba a tasha. Yaron mota ya karɓi dala ɗari a kan kowace jaka, kuɗin da babu shi a littafina. Kilomita 150 ɗin nan ba mu gama su ba sai bayan sha ɗaya na dare. Muka shimfiɗa tabarmi a rumfar tasha a Gaya tare da wasu matafiya, kowa ya yi matashi da jakarsa. Barcin dai sunansa barci.

Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma lokacin da muka je ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba, don haka ta ruwa ake bi. Da gari ya waye muka ɗauki kabu-kabu zuwa bakin kogin Kwara, jika guda kowa. Wurin kasuwa ce sosai: buhuna, katan-katan, babura, mata da goyo, ƴan dako suna fizgar jaka tun kafin ka sauka. Ka riƙe kayanka da kanka in ba nauyi gare su ba, in kuwa za ka bayar ku yi ciniki kafin ya ɗora a ka. An duba katunanmu kafin mu gangara. Wani mai kwale-kwale ya ce jika guda, muka leƙa muka ga jirginsa ya sha buhuna har ruwa ya kusa taɓa baki, yana ta ƙara mutane. Wani kuma ya ce jika 2, jirginsa babba, da inji, mutane kaɗan. Tela ya fara zancen ragi. Wani dattijo da ke zaune kan buhun albasa ya dube shi ya ce, “Ɗana, ka iya iyo?” Ya ce a'a. Ya ce, “To ka biya jika biyu.” Muka biya. Ba a daɗe a ruwa ba, amma bakanike tun da aka tura jirgin bakinsa bai daina motsi ba, hannunsa ɗaya riƙe da gefen jirgi, ɗaya riƙe da rigata. A ɗaya gaɓar aka sake duba kati da karne, muka sake hawa babur zuwa tasha. Ƙetarewar duka, da babur biyu da jirgi da ɗan dako, jika 5 ta ci wa kowa.

Manyan motocin safe sun riga sun tafi. Waɗanda suka yanki tike ɗaya tun daga gida an jira su, mu ba mai jiranmu. Sai wajen sha ɗaya muka sami wata. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700. Kandi da manyan motocin auduga, Paraku da la'asar inda muka ci sakwara da cukun Fulani da suke kira wagashi, abinci mafi daɗi da mafi arha a duk hanyar. Daga nan ƙasa ta fara canzawa, itatuwa suna ƙara tsawo, iska tana ƙara nauyi, har riga ta fara manne wa jiki. A wani shinge da ba zan faɗi inda yake ba aka sauke baƙi aka tattara katuna, aka riƙa kiran mutum ɗai-ɗai cikin wata rumfa. Masu cikakkun takardu an ɗan ja su da magana an sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. Wani saurayi da ba shi da karne ya fito yana share zufa, ya ce jika 10 suka raba shi da ita. Ku tanadi canji ƙanana a aljihun gaba, manyan takardu kuma su yi nisa da ido. Mu tun a Maraɗi na tura rabin kuɗin da sunana ta ɗaya daga cikin kamfanonin tura kuɗi na gida da ke da reshe a Kwatano, sauran muka raba huɗu.

Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce muka sauka. Ba mu san gabas ba, ba mu san yamma ba, wayoyinmu ba layi. Lambar wani Alhaji da tela ke sarin yadi a wurinsa tana cikin waya, amma wa zai buga wa dattijo a wannan lokaci? Masu babur da riguna ruwan ɗorawa suka kewaye mu, zemijan ake ce musu. Ɗaya ya ji mun ambaci teku, ya ce ya san masauki mai kyau mai arha dab da ruwa. Muka bi shi. Ɗaki jika 25, kuma ba a yarda mutum huɗu su kwana a ɗaki ɗaya ba. Jika 50 a dare guda. Ina ƙirga kuɗin ina hango mai babur ɗin a bakin ƙofa yana jiran nasa kason daga mai masauki. Kowa jika 12 da rabi. Ragin jika 6 da rabi da na yi ta taƙama da shi a fada ya tafi, ya ja wasu sun bi shi. Garin neman gira muka rasa ido. Ba wanda ya ce mini komai a daren, abin da ya fi zagi ciwo.

Amma da asuba na ji wani ruri kamar manyan motoci suna wucewa ba ƙarshe. Muka yi salla muka fita, muka bi wani lungu mai yashi, sai ga shi. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba. Ruwa ne har inda sama ta sauko, yana tasowa fari ya faɗo ya ja da baya, ba ya hutawa. Bakanike ya cire takalmi ya tsaya, ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, “Ashe Madarunfa kwano ne.” Wannan ita ce gaɓar Fijirose. Da rana ta ɗaga muka zauna a wasu kujeru ƙarƙashin rumfar kaba, ba mu tambaya ba. Yaro ya zo da takarda: kujera jika 2 kowa, lemon kwalba da ake sayarwa dala sittin a cikin gari a nan jika guda. A wurin na fahimci yadda abin yake. Teku kyauta ne, yashi kyauta ne, ba mai tsayar da kai. Abin da ake sayar maka shi ne inuwa da wurin zama da kusanci. Kowane taku da ka yi wajen ruwa farashin komai yana hawa, kowane taku da ka yi baya yana sauka.

Muka sayi layin waya ɗaya na can da katina, muka zuba masa intanet na mako, sauran suna jona ta wayata. Layi huɗu ɓarna ne ga mutanen da kullum suna tare. Tela ya kira Alhajin. Faɗa ya fara yi: “Haba yarana, kuna da ni a garin nan ku kwana a hannun ƴan babur? Ko ƙarfe uku ne ai sai ku buga.” Ya ce mu same shi a Zongo bayan azahar, kusa da babban masallaci. Shiga Zongo kamar an ɗauko wani yanki na Maraɗi an ajiye: Hausa ko'ina, da Zabarmanci da Dandanci, mai tsire, mai fura, mai shayi da burodi. Alhaji ya haɗa mu da yaronsa ya kai mu wani ƙaramin masauki da fatake ke sauka, ɗaki jika 7 da fanka da banɗaki, muka kama biyu. Kowa jika 3 da rabi a dare, kwana biyar. Ba a jin rurin teku daga nan, ana jin kiran salla. Tuwo da miya dala ɗari, shinkafa da wake ƙasa da haka. Mun kai masa kilishi da dabino, ya karɓa ya sa albarka, ya kuma hana mu biyan abincin daren farko. Da ɗan gari akan ci gari, amma a kira shi tun kafin a baro gida, a faɗa masa ranar isowa.

Zirga-zirga a Kwatano ta babur ce, kuma akwai abu biyu da suka kama mu. Na farko hular kwano. A can doka ta hau kan direba da fasinja duka, kuma ana kamawa, ba kamar yadda muka saba ba. Ba kowane zemijan ke da ta biyu ba, don haka kan jira mai ita. Da mun sani da mun ɗauko namu daga gida, bakanike yana da uku rataye a gareji suna shan ƙura. Na biyu lissafi. Mu da dala muke ƙirga, su da tamma, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Rana ta biyu a Zongo bakanike zai je kasuwar Misebo, nan kusa, mai babur ya faɗi kuɗi da Faransanci, ni kuma na juya masa kai tsaye na ce “ɗari biyu”. Shi a kansa dala ɗari biyu, wato jika. Ya sauka ya miƙa jika guda, mai babur ya yi godiya har da ɗaga hannu ya ƙara wuta. Tamma 200 ne, dala arba'in. Daga ranar muka ce duk ciniki a rubuta lamba a waya a nuna, kafin a hau. Daga Zongo zuwa Fijirose tamma 500 muke biya in an yi ciniki, farkon faɗi kuwa jika ne. Yaron Alhaji ya nuna mana manhajar Gozem, ko ba ka kira ta ciki ba tana nuna maka kimar tafiyar, ka san inda za ka tsaya a ciniki.

Sauran kwanakin muka tsara su da kanmu. Mu yi kalaci a Zongo, mu cika bido, mu naɗe tabarmi, mu isa bakin ruwa kafin takwas. Maimakon wurin rumfuna sai mu miƙa yamma ta hanyar masunta, inda gine-gine ke raguwa itatuwan kwakwa su yawaita, inuwa ba ta kowa ba. Mu shimfiɗa, mu hura gawayi, shayi ya hau. Ranakun aiki wurin shiru, Asabar da Lahadi da yamma kuwa kiɗa ne da cunkoso da shaye-shaye, wanda zai je da iyali ya san wannan. Da safen ne masunta ke jan taru, mutum ashirin ko fiye a kan igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya taku-taku, sama da awa guda kafin tarun ya fito. Ƙanen tela ya naɗe wando ya kama igiya, tafin hannunsa ya yi ja wur, suna ta yi masa dariya. Da kifi ya fito mata suka kewaye da robobi, mu ma muka saya a wurin, manya huɗu jika 3, wata mata ta gyara ta gasa mana da yaji da albasa a dala ɗari. Irin wannan kifin guda ɗaya a faranti, a wurin rumfuna, jika 6 muka gani a rubuce. Kwakwa ɗanya dala arba'in, a sare maka kai ka sha, a fasa ka kankare cikin.

Abu ɗaya da ba na wasa ba: kada a shiga ruwan. Gaɓar nan tana da igiyar ruwa mai ja ta ƙasa, kuma tana cin mutane, har waɗanda suka iya iyo. Ƙanen tela ya shiga iya gwiwa don a ɗauke shi hoto, ruwa ya dawo ya kwashe yashin ƙarƙashin ƙafarsa, sai ga shi zaune, wani masunci ya finciko shi da wuyan riga yana masa faɗa da yaren da ba mu ji ba amma mun gane. Takalminsa ɗaya ya tafi. Iya idon sawu ya ishi ɗan Maraɗi.

Rana ta huɗu muka je Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Mai tasi ya ce jika 30 ya kai mu ya jira ya dawo da mu. Yaron Alhaji ya kai mu inda ake shiga motar haɗaka, jika guda da rabi kowa. Daga cikin gari zuwa bakin teku akwai hanyar da aka riƙa kora bayi, wajen kilomita 4, muka taka da ƙafa. A ƙarshenta ne ginin nan yake da ake kira ƙofar da ba a dawowa, wanda aka gina a 1995. Masu rakiya suna tare ka tun daga gari, kowa da farashinsa. Mun ɗauki ɗaya mu huɗu muka haɗa masa jika 4, kuma bai zama asara ba, don ba tare da bayani ba hanya ce kawai mai ƙura. Mun yi shiru sosai a dawowa. Ɗakin mesa da ake biya a shiga a rataya maka maciji a wuya, tela ya ce ko su za su biya shi ba ya shiga. Ganbiye, garin da aka gina a kan tafki, mun bar shi saboda kuɗin jirgi, bakanike ya ce shi kwale-kwalen Gaya ya ishe shi na shekara. Gunkin jarumar mace, ta mayaƙan tsohuwar masarautar Dahome, mai tsawon mita 30 da aka kafa a Kwatano a 2022 kuwa kallonsa kyauta ne, da yamma mutane cike.

Tsaraba a kasuwar Dantokpa muka yi ta, rana ta ƙarshe, bayan na rufe lissafi na ware kuɗin komawa a wani aljihu dabam. Masu yawo da sarƙoƙin wuri a bakin ruwa farashin Turawa suke faɗi. Komawa ba wanda ya tambaye ni ra'ayi, tike ɗaya muka yanka, jika 32. Muka ƙetare cikin ayari, motar tana jiranmu a Gaya, ba kwanan tasha, ba kuɗin jaka. Abarbar da muka saya a hanya takwas ce, biyar suka iso Maraɗi da rai.

Da na tattara, kowa ya kashe kusan jika 150, aka mayar wa kowa da abin da ya rage, wanda yawancinsa ya tafi a tsaraba. Mota da ƙetarewa da shingaye, zuwa da dawowa, sun ci kusan rabi, kuma wannan ba ya raguwa sosai duk wayonka. Inda ake tare kuɗi shi ne wurin kwana da abin da ake ci da inda ake zama. Kwana biyar a Zongo jika 17 da rabi, dare ɗaya a bakin ruwa 12 da rabi. Da zan sake, zan yanki tike ɗaya tun daga gida, in tambayi lokacin isowa kafin in tambayi kuɗi, don wanda ya sauka a baƙon gari da tsakar dare ba shi da bakin ciniki. Zan tafi da mutum huɗu, ba biyu ba, saboda ɗaki da layin waya da mai rakiya da kifi duk rabawa ake yi. Jirgin da ya fi tsada da allurar gaske kuwa zan sake biyansu ba tare da na buɗe littafi ba. Batun gada da takardu a sake tambayar wanda ya dawo a makon, ba wanda ya je bara ba, har da ni.

Asusun katakon yana nan a shagon tela, an sake buga masa ƙusa, yanzu mu shida ne, ana zancen Lome. Bakanike ya sauko da hulunan kwanonsa ya wanke. A shafin ƙarshe na littafin akwai layin da ya sa na rubuta da hannuna, wai yana bina bashin tamma 800 saboda ni na yi masa tafinta. Ban biya ba tukuna. A fada dai yanzu ba mai kiransa da sunansa, Ɗari Biyu ake ce masa.